Labarin Gidan Hull, Matattarar 'Ya'yan Baƙi a Birnin Shikago

Labarin da na kawo muku a wannan fitowa na wani gida ne a birnin Shikago na ƙasar Amurka, wanda ya shekara 74 a tsakiyar unguwar baƙi, yara na shiga suna fita tun daga hantsi har bayan lisha. Turawa na ce da shi Hull House, mu kuwa sai mu ce Gidan Hull. Unguwar da aka kafa shi, da a nan wajenmu ta ke, zango za a kira ta, gama kowa a cikinta daga wata ƙasa ya taso, da harshensa da addininsa da irin tuwonsa, ya zo neman abin kai wa baka. Mutane sun saba jingina gidan ga mace guda, watau Jane Addams, ba su kuwa yi ƙarya ba, ita ce uwar tafiya. Amma ni abin da na ke so mu bi diddigi shi ne sauran hannuwan da suka ɗauki jinkar tare da ita, wa ya ba da ƙasa, wa ya ba da kuɗi, wa ya ba da ƙafarsa da lokacinsa, da kuma abin da ya faru sa'ad da hannuwan suka ragu.

Mu fara da garin. Cikin 1870 mutanen Shikago wajen dubu 300 ne. Cikin 1871 gobara ta cinye tsakiyar birnin ƙurmus, amma kafin 1890 sun haura miliyan guda, domin mahautai da ma'aikatun ƙarfe da tashoshin jirgin ƙasa na ta kiran ma'aikata daga ƙetaren teku. Fiye da kashi uku cikin huɗu na jama'ar, ko dai a wata ƙasa aka haife su, ko kuwa iyayensu ne baƙi. A yammacin kogi, kewayen titin Halsted, nan Italiyawa suka sauka, da Yahudawan Rasha da na Folan, da mutanen Bohimiya da Ailan da Jamus, daga baya Girkawa suka biyo sawu. Da aka buga taswirar unguwar cikin 1895, an ƙidaya kabila 18 cikin ɗan wurin da mutum zai ratsa da ƙafa kafin shayi ya huce. Gidajen katako ne da aka yi domin iyali guda, aka cusa iyalai da yawa a ciki. Yaro ba shi da wurin zama sai titi.

Ita Jane Addams 'yar wani mai hali ce, mai injin niƙa, a wani ƙauye da a ke kira Cedarville cikin jihar Ilinoi. An haife ta cikin 1860. Ta yi karatu mai zurfi a Rockford, ta soma koyon aikin likita, ciwon baya ya hana ta ƙarasawa. Uban ya rasu cikin 1881 ya bar mata gado mai kauri, ta yi shekaru tana kai da kawowa tsakanin Amurka da ƙasashen Turai, ba ta san abin da za ta yi da kanta ba. Cikin 1888 ta ziyarci Toynbee Hall a gabashin Landan, wanda wani limamin coci mai suna Samuel Barnett ya kafa cikin 1884. A can samarin da suka gama jami'a su kan tare cikin unguwar matalauta su zama maƙwabtansu, suna koyarwa, su ma suna koyo. Da wannan shawara ta komo gida, ita da ƙawarta ta makaranta Ellen Gates Starr.

Bayan sun sha yawo cikin lunguna suka ga wani tsohon gidan bene a titin Halsted. Wani dillalin filaye, Charles Hull, shi ya gina shi cikin 1856, sa'ad da wurin ke bayan gari. Gobara ba ta taɓa shi ba, amma gari ya cim masa ya kewaye shi, ga gidan giya a wannan gefe, ga mai sayar da akwatin gawa a wancan. Suka kama hayar sama da babban falo guda, dala 60 a wata, suka tare ran 18 ga Satumba 1889 da kayan ɗakinsu da hotunan da suka sayo a Turai.

Hull ya riga ya rasu a farkon wannan shekara, dukiyarsa ta faɗa hannun 'yar'uwarsa Helen Culver, wadda da ma ita ke riƙe masa lissafi. Mace ce da ba ta sakin kwabo sai ta ga inda zai faɗi. Ta zuba ido ta ga abin da matan nan ke yi, sa'an nan cikin 1890 ta ba su gidan duka, ta ce ta yafe haya har shekara huɗu. Daga baya ta yi ta ƙara wa'adi, tana ƙara musu filayen da ke kewaye. Saboda haka ne aka sa wa gidan sunan ɗan'uwanta. Duk wanda ya taɓa riƙe asusun wata jam'iyya ya san haya ita ke fara cinye kuɗi tun ba a sayi ko alli ba, shi ya sa na fara ambatar Culver kafin kowa.

Da farko manyan unguwa daga nesa suka tsaya suna kallo. Waɗansu na zaton matan nan masu wa'azi ne da suka zo raba su da addinin iyayensu, waɗansu na cewa ai mai kuɗi ba ya tarewa cikin talakawa sai da wata manufa. Yara ne suka fara kutsawa, da ya ke yaro bai san wannan lissafi ba. Wata budurwa 'yar masu hali, Jenny Dow, ta ce ita za ta riƙa zuwa kullum da safe ta buɗe ajin ƙanana a falon, kome aka kashe kuwa daga aljihunta. Kafin mako uku an rubuta yara 24, waɗansu 70 na jiran wuri. Da uwaye suka ga 'ya'yansu na komowa lafiya, da waƙa a baki, sai su ma suka fara leƙowa.

Nan matan suka gane wani abin da ba su sani ba. Uwaye da yawa fita aiki su ke yi tun asuba, su kulle yara a ɗaki ko su bar su a titi. Addams ta ba da labarin yara uku nakasassu da suka fara sani a unguwar. Ɗaya ya faɗo ne daga tagar bene hawa na uku, ɗaya ya ƙone, na ukun kuwa bayansa ya tanƙware, domin shekara uku a kan ɗaure shi da ƙafar tebur wuni zubur, sai da tsakar rana wansa ya rugo daga wurin aiki ya kwance shi su ci abinci. Duka ukun uwayensu na wurin aiki abin ya same su. Don haka cikin 1891 aka buɗe gidan reno, uwa ta kawo ɗanta da safe ta biya 'yan kwabbai, ta ɗauke shi da yamma.

Aiki ya fi ƙarfin mutum biyu, sai waɗansu masu ilmi, galibinsu mata, suka riƙa tarewa a gidan. Su a ke kira mazauna. Babu mai biyansu, su ke ma biyan kuɗin ɗaki da na abinci. Da rana kowa ya tafi sana'arsa, da maraice ya komo ya riƙe aji ko ƙungiyar yara. Cikinsu har da likita Alice Hamilton, wadda ta tare cikin 1897 ta buɗe wurin duba jarirai.

Cikin 1891 wani ɗan kasuwa, Edward Butler, ya ba da dala 5,000 aka yi sabon gini na farko a gefen tsohon gidan, sama ɗakin nuna zane-zane, ƙasa ɗakin karatu. Ku lura da yadda aka raba kayan. Culver ta ba da ƙasa, Butler ya yi gini, hukumar laburaren birni ta kawo littattafai da jaridu da ma'aikatanta, mazauna kuwa suka kawo masu karatu. Cikin 1893 aka sami ɗakin motsa jiki da makarantar kiɗa da waƙa. Cikin 1895 Charles Smith, uban Mary Rozet Smith aminiyar Addams, ya gina bene hawa huɗu na yara zalla.

Ba kome ne ya karɓu ba. Sun buɗe wani madafi na sayar da abinci mai arha, wanda masana suka auna suka ce shi ya fi gina jiki. Mutanen unguwa suka ɗanɗana, suka koma wa taliyarsu da miyarsu ta gida. Wanda ya bar ƙasarsa ya kan haƙura da abubuwa da yawa, amma ban da tuwon uwarsa, wannan kuwa mu ba sai an gaya mana ba.

Ran Kirsimetin farko aka raba wa yara alewa, waɗansu 'yan mata ƙanana suka ƙi karɓa. Da aka tambaye su, ashe a gidan yin alewa su ke aiki, mako shida ke nan daga ƙarfe 7 na safe har 9 na dare, ko ganinta ba su so. Cikin wannan hunturu kuma inji guda ya ji wa yara maza uku na ƙungiyar gidan rauni a wata ma'aikata, ɗaya ya mutu, don an ƙi sa wa injin murfin da bai fi 'yan daloli ba. Aka ga wasa da karatun maraice ba za su tsinana wa yaron da ya wuni a bakin inji kome ba.

Ƙarshen 1891 wata mace ta ƙwanƙwasa ƙofar gidan, ta gudo daga mugun miji da 'ya'yanta uku. Sunanta Florence Kelley, mai ilmi ce, mai kaifin baki. Hukumar jiha ta ba ta aikin bin ɗakunan ɗinki na unguwar, inda a ke cusa mata da yara suna ɗinka riguna a kan ladan da bai taka kara ya karya ba, tana rubuta abin da ta gani. Da wannan shaida Gidan Hull ya haɗa kai da ƙungiyoyin ma'aikata da na matan birni, suka yi ta kiran taro, har majalisar Ilinoi ta yi doka cikin 1893, cewa kada a ɗauki yaron da bai kai shekara 14 ba aiki a ma'aikata, mata kuma kada su wuce awa 8 a rana. Gwamna Altgeld ya naɗa Kelley shugabar masu bin ma'aikatu su ga an kiyaye. Maganar awa 8 kotu ta soke ta cikin 1895, ta yara ta tsaya.

Ana cikin neman dokar nan aka gayyaci Addams cin abinci, aka raɗa mata cewa waɗansu masu ma'aikatu za su ba gidan dala 50,000 in mutanenta suka janye bakinsu daga maganar. Gidan kuwa a lokacin ido rufe ya ke neman kuɗi. Ta ƙi. Ita da kanta ta ce abin da ya fi damunta shi ne, me aka gani a halinta har aka yi zaton za ta karɓa. Da ta karɓa da an ƙara ɗakuna, amma ina ganin da babu uban da zai sake yarda ɗakunan na 'ya'yansa ne.

Labarin filin wasa ya fi wannan daɗin ji. William Kent saurayi ne da ya gaji jerin gidajen haya na katako a titin Polk, ruɓaɓɓu, ba su da ko magudanar kirki. Aka ambace shi a bainar jama'a cikin masu cin kuɗin haya daga irin waɗannan kangaye. Ya zo Gidan Hull ransa a ɓace, ya ce to ga gidajen nan ya ba su, su riƙe su gani in da sauƙi. Addams ta zaga ta duba, ta ce ba su gyaruwa, gara a rushe a yi wa yara fili. Ya tafi ya yi shawara da zuciyarsa, ya komo ya yarda. Haka wajen 1893 Shikago ta sami filin wasan yara na farko wanda kowa ke iya shiga, da lilo da tarin rairayi. Hukumar birni ta ba da ɗan sanda guda ya riƙa tsaro, bayan shekara 10 kuma ta karɓi filin ta ci gaba da riƙonsa. Wannan ita ce dabarar gidan a abubuwa da yawa, a fara da kuɗin masu bayarwa, a nuna abin na yiwuwa, kana a ɗora wa hukuma. Sai dai kada mu manta akwai masu haya a gidajen da aka rushe, su dai tilas suka ɗaure kayansu suka nemi wani wuri, ba su kuwa yi murna ba.

Kada mai karatu ya ɗauka masu kuɗi kaɗai suka yi aikin. A lungunan unguwar akwai manyan akwatunan katako na zuba shara, ba a kwashewa a kan kari, yara kuwa a kansu su ke wasa, cikinsu su ke tono. Da bazara jarirai su yi ta mutuwa. Matan unguwa 12 daga ƙungiyar mata ta gidan suka ɗauki abin a kansu. Bayan sun gama wanki da girki, sai su bi lungu lungu da maraice suna dubawa. Cikin wata biyu aka kai wa hukumar lafiya ƙara 1,037. Cikin 1895 magajin gari ya naɗa Addams duba-gari ta unguwar, irin wanda a Ankara da Kumasi a ke ce wa tankas. Ta kan fito ƙarfe 6 na safe ta bi amalanken shara har juji. A wani titi da kowa ya ɗauka turɓaya ce, da aka haƙa sai ga daɓe a ƙasa, shara inci 18 ta binne shi.

Amma akwai wanda ya fi su sanin unguwar, shi ne kansila Johnny Powers. Shi ke biyan kuɗin jana'izar matalauci, shi ke belin yaro in 'yan sanda sun kama, shi ke raba talotalo ran Kirsimeti, shi ke sama wa mutum aiki. A majalisar birni kuwa an san shi da cinikin izni da manyan kamfanoni, makarantun unguwarsa ko kujerun da za su ishi yara babu. Gidan Hull ya goyi bayan masu neman kā da shi cikin 1896 da 1898, duka biyun ya lashe, da ƙuri'un iyayen yaran nan da ke lilo a titin Polk. Addams ba ta zagi maƙwabtanta ba. Ta ce sun zaɓi mutumin da ke zuwa ran da suka shiga uku ne, masu neman gyara kuma suna da abin koyo a nan.

Kafin 1899, yaron da ya kai shekara 10 in ya yi laifi a Ilinoi, ko da gawayi ya ɗiba a hanyar jirgi, kotun manya a ke kai shi, a kulle shi tare da riƙaƙƙun ɓarayi. Julia Lathrop ta Gidan Hull da Lucy Flower ta ƙungiyar matan Shikago suka ɗauki maganar, ƙungiyar lauyoyin birni ta tsara dokar, cikin Yuli 1899 aka buɗe kotun yara ta farko a Amurka. Dokar ta ce alƙali na iya mai da yaro gida, a sa wani ya riƙa lura da shi, amma ba ta ce ga inda albashin mai luran zai fito ba. Mata suka kafa kwamiti suna tara kuɗi suna biya da kansu, har hukuma ta karɓa bayan 'yan shekaru. Mai lura ta farko Alzina Stevens ce, mazauniyar gidan, wadda ita kanta tun tana da shekara 13 ta shiga masaƙa, inji ya cire mata yatsa.

Cikin ayyukan gidan duka, wanda ya fi tsaya mini a rai ƙarami ne. 'Ya'yan baƙi su kan koyi Turanci a makaranta cikin 'yan watanni, iyaye kuwa ba su iya ba. Sai yaro ya zama shi ne tafinta wurin mai gidan haya da likita da ɗan sanda, daga nan ya fara jin kunyar uwarsa da gyalenta da gurgun Turancinta. Wata rana Addams na tafe ta ga wata tsohuwa Ba'italiya zaune a bakin ƙofa tana kaɗi da mazari irin na ƙauyensu. Cikin 1900 aka keɓe wuri a gidan, ran Asabar da dare matan Italiya da Rasha da Siriya da Ailan su zo, kowace ta yi kaɗi da saƙa irin na ƙasarsu. An jera su bi da bi, daga mazari zuwa keken kaɗi har a kai ga inji, domin yarinyar da ke wuni a masaƙa ta ga ashe sana'ar uwarta ce asalin abin. Akwai wata yarinya Ba'italiya da ke zuwa ajin girki daren da uwarta ke zuwa kaɗi. Ta kan bar uwar ta shiga ta wata ƙofa, ita ta zaga ta wata, don kada a gan su tare. Wani dare ta tarar baƙi sun kewaye uwar suna yaba hannunta, ana cewa duk Amurka babu mai kaɗi kamarta. Yarinyar ta yi ta tambaya a kan ƙauyen da uwar ta fito da irin zaman da ta yi can. Daga baya ƙofa guda su ke shiga. Wanda ya haifi ɗa a baƙon wuri, ya yi masa magana ya ji ya amsa da wani harshe, ya san nauyin wannan labari.

Cikin masu bayarwa babu kamar Louise de Koven Bowen, jikar wani tsohon attajirin birnin. Ta shigo ta ƙungiyar mata, ta zama ma'aji, shekarar da asusu ya gaza ita ke cikawa. Ita ta gina wa samari bene hawa biyar da aka buɗe cikin 1907, da ɗakunan wasa da na koyon sassaƙa da ƙira da na 'yan badujala. A wannan shekara gine-ginen gidan sun kai 13, sun cinye layi guda sukutum, mutum wajen 9,000 ke shiga a mako da hunturu. Cikin 'yan badujalar nan aka yi wani yaro Bayahude, ɗan tela, na tara cikin 'ya'ya 12, wai shi Benny Goodman, wanda daga baya ya zama sarkin busa, Amurka duka ta san shi. Cikin 1912 Bowen ta sayi eka 72 a Waukegan, arewa da birnin, don tunawa da mijinta. Can a ke kai yara da uwayensu da bazara su yi mako biyu, su sha iska su ga ciyawa.

Sai dai a faɗi gaskiya ko da ɗaci. Addams na cikin waɗanda suka sa hannu aka kafa ƙungiyar NAACP mai neman haƙƙin baƙar fata cikin 1909, amma a gidanta baƙar fata ba su sami wuri kamar sauran baƙi ba, an kuwa daɗe ƙwarai ba a kai 'ya'yansu Waukegan. Har wa yau kwamitin amintattu da ke riƙe da dukiyar gidan, galibi masu kuɗi ne da manyan mutane daga waɗansu unguwanni. Mutanen Halsted su ke cika ɗakuna, su ke bin lunguna, amma ba su da kujera inda a ke yanke shawara. Muddin Addams na da rai ba a ga illar wannan ba, gama tana zaune cikinsu tana jin kukansu. Ta sha zagi lokacin Yaƙin Duniya na Farko don ta ƙi goyon bayan yaƙi, aka ba ta lambar Nobel ta zaman lafiya cikin 1931, ta rasu cikin Mayu 1935. A tsakar gidan aka yi mata jana'iza, unguwa duka ta fito.

Illar ta bayyana bayan shekara 26. Cikin Fabrairu 1961 magajin gari Richard Daley ya ba da sanarwa cewa a unguwar nan za a gina sabuwar harabar Jami'ar Ilinoi, watau za a tashi dubban mutane da kantunansu. Wadda ta ja gaba wajen ƙin yarda ita ce Florence Scala, 'yar wani tela Ba'italiye. A Gidan Hull ta yi wasa ta yi karatu tun tana ƙarama, can ta koyi cewa talaka na iya tsayawa gaban hukuma ya yi magana. Ta tara matan unguwa, suka yi jerin gwano, suka zauna dirshan a ofishin magajin gari, suka kai ƙara kotu. Cikin 1962 aka tayar da bam a gidanta, Allah ya kiyaye ba wanda ya mutu. Ta zaci gidan da ya rene ta zai tsaya tare da su. Wata tsohuwar mazauniya, Jessie Binford, wadda ta haura shekara 80, ta tsaya har ƙarshe. Amintattu kuwa cikin Maris 1963 suka karɓi dala 875,000 suka sallama gine-ginen. Hujjarsu ita ce unguwar ta riga ta canja, mabukata sun bazu cikin birni, gara a bi su can. Bayan wata biyu Kotun Ƙoli ta Amurka ta ƙi karɓar ƙarar mutanen unguwa, aka kawo katafila. Cikin gine-gine 13 biyu suka tsira, tsohon gidan Hull da ɗakin cin abinci, wanda aka ciccibe aka matsar da shi. Filin Waukegan ma a wannan shekara aka sayar. Scala ta ce abin da ta koya shi ne, mutanen kirki na kwamiti su suka fi ji mata ciwo, ba 'yan siyasa ba. Ta rasu cikin 2007.

Ƙungiyar ba ta mutu a lokacin ba. Ta buɗe cibiyoyi a unguwanni dabam dabam, ma'aikata masu albashi suka maye gurbin mazauna, su zo da safe su tashi da yamma. Sannu a hankali ta koma 'yar kwangilar Gwamnati, musamman wajen riƙon yaran da aka raba da iyayensu. Aiki ne mai amfani, kuɗi kuma sun shigo, cikin 2001 sun kai wajen dala miliyan 40 a shekara. Amma kusan kashi 85 cikin 100 daga aljihun Gwamnati su ke fitowa. Da jihar Ilinoi ta shiga matsi ta rage kwangila, tana kuma jinkirin biya, kuɗin suka faɗo zuwa miliyan 23 cikin 2011. Babu wata Culver ko Bowen da za ta cika, babu kuma unguwa guda da za ta tashi ta ce gidanmu ne. Ran 27 ga Janairu 2012 aka rufe, bayan shekara 122, aka sallami ma'aikata wajen 300.

Tsohon gidan da Charles Hull ya gina yana nan a titin Halsted cikin harabar jami'a, tun 1967 an mai da shi gidan ajiye kayan tarihi. 'Yan makaranta su kan zo da malamansu a zaga da su ɗaki ɗaki, sa'an nan su hau mota su koma.